Daga Ƙofar Ruwa Zuwa Ladipo: Neman Kan Inji Mai Lafiya

Idan mota ta yi zafi har ta tafasa a kan hanya, abin da ya fi shan wahala a jikinta shi ne kan inji, wanda makanikai ke kira tof silinda. Shi ne murfin da ke rufe silindoji daga sama. A cikinsa bawul-bawul da fulogogi suke zaune, kuma ta cikinsa wuta da ruwa da baƙin mai suke wucewa dab da juna, kowa a hanyarsa, ba abin da ya raba su sai siririn bango na ƙarfe da gasket. Sabon kai daga kamfani ya fi ƙarfin aljihun yawancin masu mota, saboda haka sai a koma ga na tokumbo, kuma akasarin na tokumbon da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa a Kano ta tashoshin jiragen ruwa na Legas ya shigo ƙasar nan. Wannan hanya muka bi tare da ’yan kasuwar kayan gyara masu zuwa sari, daga Kano zuwa Kasuwar Ladipo, tafiyar sama da kilomita 1,000. Abin da hanyar da kasuwar suka tabbatar mini abu ɗaya ne: sunan tokumbo ba shaidar lafiya ba ne, kuma duk kan injin da aka ɗaura ba tare da an wanke shi an auna shi ba, caca aka yi da dukiyar mai mota.

Manyan motocin safa masu zuwa Legas daga Sabon Gari suke tashi da yamma, bayan an gama cusa buhuna da kwalaye a cikinsu. Hirar fasinjoji kafin a tashi ba ta wuce kuɗin mota ba, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin kujera ya ninka, kuɗin kaya ma haka. Daga Kano zuwa Kwanar Dangora har Zariya titin ya gyaru, sakamakon aikin da aka fara a 2018, to amma a gefensa ba a rasa mota a tsaye an ɗaga bonet, tururi na tashi, yaron mota na ɗura ruwan leda ko na rijiya a lagireto. Daga nan ciwon kan inji ke farawa. Ruwan rijiya yana barin farar ƙasa da tsatsa a hanyoyin ruwa har su toshe, ga al’adar cire tamostat da sunan wai ƙasarmu na da zafi, ga zuba ruwan sanyi a injin da ke tafasa. Kan yawancin ƙananan motocin yanzu na alminiyom ne, shi kuwa alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya kantare fuskarsa ko ya tsaga shi. Wanda ya ga waɗannan motoci na gefen titi ya kamata ya tuna cewa a Turai da Amurka da Japan ma injuna suna yin zafi, kuma ba wanda ke haɗo wa kan tokumbo takardar tarihinsa.

A Kaduna muka yi sallar magariba da isha. Garin yana da dogon tarihi da wannan sana’a. A Kakuri kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 da ta cika titunan Arewa tana da kai na alminiyom a kan bulok na baƙin ƙarfe, saboda haka tsofaffin makanikanmu sun daɗe da sanin halin wannan ƙarfe. A Panteka kuwa akwai masu walda da masu zubi da masu injin yanka ƙarfe waɗanda hannunsu ba ya jin kunya a ko’ina. Abin da ya canza shi ne injin kansa. Na 504 bawul biyu ne a kowace silinda, nama mai kauri tsakaninsu, gasket ɗinsa kuma mai laushi ne da ke iya cike ɗan rami ya rufa asiri. Na Corolla ko Camry ko Accord na yanzu bawul huɗu ne a kowace silinda, bangon da ke tsakaninsu siriri, da yawansu kuma gasket na zanen ƙarfe mai hawa-hawa suke amfani da shi, wanda ba ya yafe ko ƙanƙanin gargada. Ƙwarewar da ta wadatar jiya tana nan da darajarta, sai dai injin yau yana neman ƙarin abu a kanta, wato awo.

Daga Kaduna aka kama hanyar Abuja cikin dare, aka wuce Tafa inda tireloli ke jere suna hutawa, aka wuce Zuba da Gwagwalada da Abaji, har aka hau gadar Murtala Muhammed da ke ƙetare kogin Kwara kusa da Koton Karfe, wurin da ambaliya ta datse hanya a 2012 da 2022. Shingayen jami’ai suna nan birjik, direba ya sauka ya dawo, a ci gaba. A Lokoja ake tsayawa cin abinci. Nan kifi ne sarki, soyayye da na farfesu, ga sakwara da shinkafa, kuma ɗan Kano zai lura cewa kifin ya fi na gida araha da daɗi, naman sa kuwa yanka ƙanana ne a kan kuɗi mai yawa. Masu shayi da masu tsire a tashar ’yan Arewa ne, gaisuwarsu kaɗai tana rage wa baƙo gajiya. Daga Lokoja zuwa Okene hawa da gangara ne tsakanin duwatsu, ga tirelolin siminti daga Obajana suna jan jiki. A irin wannan hawa ne kan injin da aka ɗaura da ƙaramar tsaga ke tona kansa, domin abin da ya ɓoyu a gudun cikin gari ba ya ɓoyuwa idan inji ya ɗauki kaya yana hawan dutse. Ba nisa daga nan masana’antar ƙarfe ta Ajaokuta take, wadda aka soma a 1979 har yau ba ta kammalu ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa har yanzu muke dogara da ƙarfen da wasu suka gama amfani da shi.

Gari ya waye mana bayan Owo da Akure, ƙasa ta zama kore shar, dazuzzukan koko da kwakwar manja sun maye gurbin gonakin dawa. Aka wuce Ilesha da Ife aka shiga Ibadan, garin da unguwar Sabo ta Hausawa ta kafu tun 1916 a kan cinikin goro da shanu. Karin kumallo a nan amala ce da miyar ewedu da ta wake, ga barkono ya ji, ga manja ya wadata. Wanda ya saba da koko da ƙosai zai same su, sai dai kokonsu na masara ne, ba shi da kayan yaji irin namu. Daga Ibadan babban titi ne har Legas. Masauki a Idi-Araba muka yi, unguwar Hausawa da ke cikin Mushin, kusa da kasuwar. Tsarin fatake na dā bai mutu ba: mai masauki ya tarbe ka da “Sannu da zuwa, Alhaji, yaya hanya?”, a kawo ruwa, a kawo tuwo da miyar kuka, a ajiye maka kayanka, a haɗa ka da wanda ya san kasuwa. Ɗaki a Legas ƙarami ne, kuɗinsa kuwa ya isa a kama babba a Fagge, ruwa ma saye ake yi jarka-jarka, amma baƙon da ya zo ta hannun mutanensa ba ya kwana a waje.

Ladipo duniya ce guda. Tana gefen babban titin Apapa zuwa Oshodi, kuma daga tashoshin Apapa da Tin Can kwantenoni ke zuwa a sauke injuna da giyabos da rabin motoci da aka yanka gida biyu. Yawancin ’yan kasuwar Ibo ne, da tsarinsu na ɗaukar yaro ya yi shekaru yana koyon ciniki kafin maigidansa ya sallame shi da jari, abin da ya kamata mu yi koyi da shi. Ƙasa baƙa ƙirin ce da baƙin mai, masu baro na ihun a ba su hanya, ’yan kamasho na tare baƙo tun daga bakin titi: “Alhaji, me kake nema? Zo ka ga na Beljiyam, yau aka sauke.” Ƙofar Ruwa ta fi ta sarari da natsuwa, amma Ladipo ta fi ta zaɓi nesa ba kusa ba, domin kan injin da za a kwana ana nema a Kano a nan za a jera maka shi iri-iri. Sai dai kayan nan sun yi makonni a kan teku cikin iskar gishiri, sun kuma zauna a garin da ruwan sama da raɓa ba sa ƙarewa. Kuma kamar kowace kasuwar kayan hannu, a Legas ne ko a Kano, wanda aka ciro daga motar gida yana iya shiga cikin na waje idan an gyara masa fuska.

A nan ne mutum zai gane cewa wanki iri biyu ne. Akwai wankin sayarwa, wanda yaran shago ke yi a bakin kwata da fetur da buroshi, wani lokaci a bi da burushin waya na inji, har a fesa fenti mai ruwan azurfa. Kai ya fito yana ƙyalli, mai saye ya ji daɗi. Wannan wanki yana iya rufe abin da ake son gani, domin burushin waya yana murje alminiyom mai laushi ya shafe bakin tsaga, fenti kuma yana ɓoye wurin da aka taɓa yi wa walda. Kan da bai ga wanki ba ma ya fi faɗin gaskiya. A juya shi a dubi ramukan wuta guda huɗu: idan uku baƙi ne da kunkunniya, ɗaya kuwa fari tas kamar an goge, to ruwa ya daɗe yana shiga wannan silindar, tururinsa ne ya wanke ta. A dubi saman wajen kamshaf: idan launin ruwan zuma ne, an kula da canjin mai, idan baƙin dagwalo ne ya daskare, mai ya daɗe bai ga canji ba, idan kuwa fari-fari ne kamar madara, ruwa da mai sun haɗu. Mai saye mai hankali kan nemi a nuna masa kai kafin a taɓa shi da fetur.

Wanki na biyu shi ne wankin bincike, kuma a can bayan kasuwa, wajen masu injin aske ƙarfe, ake ganin masu yin sa da kyau. Da farko a kwance komai: kamshaf, sifirin, bawul-bawul, a jera su bi da bi a jikin kwali mai huda yadda kowane bawul zai koma ramin da ya fito, murafan kamshaf ma a kiyaye lambarsu da inda suka fuskanta. Sai a jiƙa kan a kananzir ko ruwan zafi da sabulun da ba ya cin alminiyom. Sodar yin sabulu, wadda ke wanke baƙin ƙarfe tas, cinye alminiyom take yi, saboda haka ba ta da wuri a nan. Ragowar tsohon gasket da makankarin roba ake cire shi a hankali, ba da faifan gurza ba, domin faifan yana haƙa rami a fuska, yashinsa kuma yana shiga hanyar mai ya je ya cinye metal. Daga nan a bi kowace hanyar mai da siririn buroshi, a bi hanyoyin ruwa a fitar da tsatsa, a hura iska mai ƙarfi ta kowace kafa har sai ta fito ɗaya gefen ba tare da datti ba. Aikin yini guda ne, ba ya buƙatar wani babban jari, haƙuri kawai yake nema.

Bayan wanki sai awo. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a kan fuskar kai, a tsaye da a kwance da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa, ana gwada zura siraran ƙarafunan fila a ƙarƙashinsa. A littattafan injunan ƙananan motoci da yawa, kantarewar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.10 ba, alhali kaurin takardar rubutu ɗaya kusan 0.10 ne. Idan ta ɗan wuce, a aske fuskar a inji, amma sai an auna tsayin kan tukuna, domin wanda aka taɓa askewa a can baya yana iya kaiwa iyakarsa, ƙarin aski kuma ya matse wuta fiye da kima ya ɓata taimin. Tsaga kuwa ta fi fitowa tsakanin mazaunin bawul biyu, ko tsakanin mazauni da ramin fulogi. Ana neman ta da feshi kashi uku: a goge wurin, a fesa jan ruwa a bar shi ya ratsa, a share, a fesa fari. Idan akwai tsaga sai jan layi siriri ya fito a kan farin. Wadda ke can ciki inda ido ba ya kaiwa, sai an toshe kafofin ruwa, an cika kan da iska, an nutsa shi a ruwan zafi: kumfa ta taso, magana ta ƙare.

Saura ƙananan abubuwan da su ne ke dawo da mota gareji. A mayar da bawul-bawul a zuba kananzir ta kafofinsu, a jira. Duk wanda ya yi gumi ta bakin mazauni sai a murza shi da man gurza bawul har zobe mai launin toka ya fito a zagaye ba yankewa. A girgiza sandar bawul cikin bututunta, idan tana rawa to bututun ya ci, kuma ko an sa sabuwar roba mota za ta ci gaba da shuɗin hayaƙi da shan mai. Robobin bawul kansu sababbi ake sawa kullum, domin tsofaffi sun bushe da zafi. A shafa yatsa a gadon kamshaf a ji ko akwai zane, a dubi zaren ramin fulogi da na kusoshi, a kuma dubi inda kawunan kusoshi ke zama: idan sun nutse cikin ƙarfen, alama ce zafi ya taɓa sassauta alminiyom ɗin, irin wannan kai ba ya riƙe ɗauri ko an aske shi. Wanda ya je kara sayen rago yana buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya taɓa gadon baya, ya sa a tayar da shi ya yi tafiya. Kan inji ya fi rago kuɗi sau da yawa, bai kamata a saye shi da kallo daga nesa ba.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko su ce maigidan da ya yi shekara da shekaru a gareji ido da hannunsa sun ishe shi. Gaskiya ne gogaggen makanike yana ganin abin da yaro ba ya gani, shi ne ma zai san inda ya kamata a fara dubawa. To amma ba idon da ke ganin rabin kaurin takarda a kan fuska mai tsawon kamu guda, kuma ba hannun da ke taɓa tsagar da ke cikin hanyar ruwa. Ƙarfen awo ba ya rage wa maigida daraja, kare masa suna yake yi. Na biyu su ce ai mai shago yana ba da garanti na ’yan kwanaki, in kaya bai yi ba a dawo da shi. Wannan yana da amfani ga makaniken Mushin ko Oshodi. Ga na Kano kuwa, kafin kaya ya iso, a ɗaura, a gwada, kwanakin sun tafi, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Ko an karɓi kan an canza, ba wanda zai biya gasket da kusoshi da mai da ladan aikin da suka salwanta. Amana tsakanin mai saye da mai sayarwa abu ne mai kyau, sai dai shi kansa mai shagon bai san abin da ke cikin ƙarfen ba, a kwantena ya same shi.

Hujja ta uku ita ce kuɗi da lokaci: mai mota yana tsaye a kan makanike, direban haya kuma kowane yini da motarsa ta kwana a gareji asara ce. Wannan hujja juyawa take yi ta goyi bayan awo. Dala da ke wajen naira 460 a farashin hukuma a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, kuma kusan kowane ƙarfe a Ladipo da kuɗin waje aka sayo shi, saboda haka farashin kai da gasket da mai duk sun bi ta. Kuɗin wanki da awo da gwajin iska ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin kan, alhali kuskure yana jawo biyan komai sau biyu, wani lokaci har da bulok da metal idan ruwa ya shiga mai. Lokacin da kaya ke araha ana iya cewa in bai yi ba a sayo wani. Yanzu wannan zamani ya wuce, kuma araha ba ta ado. Masu cewa a sayi inji sukutum a huta su ma ba su tsira ba, domin wannan injin yana ɗauke da nasa kan da ba wanda ya duba, sai dai an ƙara kuɗin cacar ne kawai.

A hanyar dawowa an naɗe kayan da kwali da buhu, an karɓi rasit saboda jami’an kwastan, aka ɗora a mota. A gida wani abokin gaba ke jira, wato ƙurar hunturu, saboda haka kan da aka wanke a Legas sai an sake hura masa iska a Kano, a rufe shi da leda har ranar ɗauri. Ranar ɗauri kuma a auna fuskar bulok, a tsotse mai da ruwa daga ramukan kusoshi, a sa sababbin kusoshi idan masu miƙewa ne, a ɗaure da sifana mai awo daga tsakiya zuwa gefe mataki-mataki, a kuma gyara abin da ya kashe kan farko, lagireto ne ko fanka ko famfon ruwa. Abin da tafiyar ta nuna shi ne cewa ba mu rasa hannu ba, kayan awo da al’adar amfani da su ne suka yi mana ƙaranci. Ƙungiyoyin makanikai a Kano da Kaduna da Zariya suna iya haɗa kuɗi su ajiye tankin gwaji da ƙarfen awo a kowane babban gareji, kwalejojin fasaha su koya wa yara karatun fila tun shekarar farko, ’yan kasuwar Ƙofar Ruwa kuma su riƙa sayar da kai da shaidar gwaji ko da za su ɗan ƙara farashi. Mai mota shi ma yana da haƙƙin ya tambayi makanikensa nawa awon ya nuna kafin ya biya, kuma makaniken da ke da amsa shi ya cancanci a ba shi aiki.